Fashin baƙi: Me ya sa waƙa ke cika kunne a situdiyo, amma ta rame a sifikar waya?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo tsakanin masu haɗa sauti da mawaƙa, daga situdiyoyin Kano zuwa na Kaduna da Jos. An gama haɗa waƙa da daddare, ta cika ɗaki, ta yi faɗi, kowa ya yaba. Gari na wayewa mawaƙi ya kunna ta a wayarsa, sai ya ji 'yan amshi sun yi nisa, fiyano kuma ya koma kamar ana buga shi a cikin gwangwani. Ina sautin jiya ya tafi?

Mawaƙi zai ce mai haɗin ne bai iya aiki ba. Mai haɗin zai ce wayar ce ba ta da nagarta. Wani na gefe kuma zai ce ai filogin ɗin, wato kayan gyaran sauti da ake ɗorawa a manhaja, tsohon yayi ne, a nemo sabo, tunda kamfanonin da ke ƙera su ba sa gajiya da tallar cewa sun inganta sarrafa hagu da dama, sun kuma sauƙaƙa aiki. Kowannensu yana da ɗan abin kamawa. Amma tushen matsalar wani ɗan lissafi ne na tarawa da ɗebewa, wanda ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Mene ne filogin?

Manhajar da ake haɗa waƙa da ita, kamar FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam ko Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus, tamkar shago ce. Filogin kuma shi ne kayan aikin da ake shigo da shi cikin shagon: ikwalaiza mai ƙara ko rage kauri da kaifin sauti, kwamfiresa mai daidaita hawa da saukar ƙara, ribab mai sa murya ta zama kamar a babban zaure ake rera ta. Steinberg ne ya fito da tsarin VST a 1996, wanda ya ba wasu kamfanoni damar ƙera kayan da za su yi aiki a cikin manhajar da ba tasu ba. Apple na da nasa tsarin mai suna AU, manhajar Pro Tools na amfani da AAX, sannan a 2022 kamfanonin u-he da Bitwig suka fito da CLAP.

Kowane filogin, ko na wane tsari ne, sai ya amsa tambaya guda: idan sauti ya shigo mini ta layi biyu, yaya zan yi da su?

Hagu da dama, tsakiya da gefe

Sautin mono layi ɗaya ne. Sitiriyo layi biyu ne, na hagu da na dama, waɗanda a fuskar manhaja ake rubuta su L da R. Idan abu ɗaya ne ke fitowa daga sifiku biyu da ƙarfi iri ɗaya a lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa sai ta ajiye shi a tsakiya, a inda babu sifika ko ɗaya. Shi ya sa ake jin muryar mawaƙi a gaban goshi. Faɗin da ake ji kuwa daga bambancin da ke tsakanin layukan biyu yake zuwa.

Ana iya raba wannan sautin ta wata hanya dabam. A tara hagu da dama a raba biyu, a sami abin da ake kira tsakiya, wato M. A ɗebe dama daga hagu a raba biyu, a sami gefe, wato S. In ana so a koma yadda ake, tsakiya a tara da gefe ya ba da hagu, tsakiya a ɗebe gefe ya ba da dama. Babu abin da ya salwanta a wannan juyin.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. Sunan “gefe” yana sa a ɗauka cewa duk kayan kiɗan da aka tura hagu ko dama suna cikinsa, “tsakiya” kuma murya da ganga ce kawai. Ba haka abin yake ba. Kalangun da aka tura can ƙarshen hagu, rabinsa yana cikin M, rabinsa yana cikin S. Saboda haka idan ka sa ikwalaiza a kan tsakiya don ka fito da murya, ka taɓa kalangun nan ma, kuma za ka iya janyo shi daga inda ka ajiye shi ba tare da ka lura ba.

Ga kuma gaɓar da ke amsa tambayar farko. Na'urar da ke da sifika ɗaya galibi tara hagu da dama take yi. Tara hagu da dama kuwa shi ne M. Ke nan duk abin da ke zaune a cikin S kaɗai ya tafi gaba ɗaya, ba raguwa ya yi ba. Kalangun da ke hagu zai ɗan yi ƙasa amma yana nan. Abin da aka ƙirƙira da bambanci zalla shi ne ba ya tsira.

Inda dabarar ta samo asali

Alan Blumlein, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, shi ne ya shigar da takardar mallakar fasahar sitiriyo a watan Disambar 1931, mai lamba 394,325. A cikinta tuni ya yi bayanin wannan tarawa da ɗebewa. Ya rasu a 1942 a haɗarin jirgin sama, lokacin gwajin na'urar rada a yaƙin duniya na biyu, bai ga yadda fasahar tasa ta mamaye duniya ba.

Abin lura shi ne, duk wanda ya zo bayansa ya fuskanci irin matsalar da muke fuskanta yau da waya. Da faifan garmaho na sitiriyo ya shiga kasuwa a 1958, an tsara shi ta yadda motsin allura gefe da gefe ke ɗauke da jimillar hagu da dama, motsinta sama da ƙasa kuma ke ɗauke da bambancin. Idan aka cika sauti mai kauri a cikin bambancin, allura na iya tsalle ta bar layinta. Daga nan aka gaji al'adar ajiye bas a tsakiya. Shahararriyar kwamfiresar nan Fairchild 670, wadda kamfanoni da dama ke kwaikwayonta a filogin yau, tana da maɓallin da ke raba aiki tsakanin waɗannan motsi biyu na allura, wato M da S ke nan da wani suna.

Rediyon FM ma haka. Da Amurka ta amince da tsarin sitiriyo na FM a 1961, akwai tarin akwatunan rediyo na mono a gidajen mutane, kuma ba a so su zama tarkace. Sai aka aika jimillar hagu da dama a babban layi, aka ɗora bambancin can sama a kan 38 kHz (Hz shi ne yawan kaɗawar igiyar sauti a sakan, kHz kuma Hz dubu ne), tare da wata siririyar alama a 19 kHz da ke sanar da sabuwar rediyo cewa akwai sitiriyo. Tsohuwar rediyo ta ci gaba da kama jimillar kawai. Har gobe, rediyon mota idan ta yi nisa da tasha, takan rage bambancin ta koma mono don ta rage shuu. Mai tafiya daga Kano zuwa Haɗeja yana sauraron waƙarka a FM, a wani wuri a kan hanya M kaɗai yake ji.

Hanyoyi uku da filogin ke bi

Hanya ta farko ita ce ɗaure layukan biyu. Kwamfiresa na sauraron hagu da dama tare, idan ta ga ƙara ta yi yawa a ɗaya, sai ta danne duka biyun daidai wa daida. Amfanin wannan shi ne murya ba ta gusawa daga tsakiya. Illarsa kuma, bugun ganga mai ƙarfi a hagu na iya danne jita da ke dama wadda ba ta yi laifin komai ba.

Ta biyu ita ce sakin kowane layi ya ji da kansa. Pro Tools da Logic Pro suna ba da damar buɗe filogin ɗaya a matsayin mono biyu. Jitar nan ta tsira, amma fa duk lokacin da aka danne hagu aka bar dama, muryar da ke tsakiya takan karkata dama na ɗan lokaci. A hedifon ana jin wannan lilo sosai. Shi ya sa sababbin kwamfiresoshi da limitoci (masu hana ƙara wuce iyaka) da yawa suka daina ba da zaɓi biyu kawai, suka sa maɓallin murɗawa daga sifili zuwa ɗari, mai aiki ya tsaya inda kunnensa ya gamsu. A ganina wannan yana cikin gyare-gyare mafi amfani da aka yi, ko da yake ba shi ake wa talla ba.

Ta uku ita ce M da S. A da, mai son yin wannan sai ya jera abubuwa uku: na'urar da za ta juya hagu da dama zuwa tsakiya da gefe, sannan ikwalaizar, sannan wata na'urar da za ta mayar da su. MSED na kamfanin Voxengo, wanda kyauta ne, an yi shi ne don irin wannan aiki, kuma a FL Studio ana iya gina shi a cikin Patcher da taimakon Fruity Stereo Shaper. In ka manta da na ƙarshen, sai ka ji yawancin waƙar ta tattara a sifikar hagu. Yanzu kuwa a ikwalaiza irin Pro-Q ta FabFilter, kowane ɗigo da ka ɗora za ka iya ce masa ya yi aiki a hagu, ko dama, ko tsakiya, ko gefe, da dannawa ɗaya. Za ka iya yanke kaurin da ke ƙasa da 100 Hz daga gefe kawai, ka bar tsakiya yadda yake, duk a taga ɗaya.

Yadda neman faɗi ke cinye waƙa

Ba kowane faɗi ne ke da haɗari ba. In ka ɗauki 'yan amshi sau biyu, rerawa biyu daban, ka tura ɗaya hagu ɗaya dama, an sami faɗi na gaskiya. A mono za su haɗu su zama amshi mai kauri. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗauka sau ɗaya, aka ce na'ura ta ƙirƙiro na biyun.

Dabarar da aka fi yi ita ce jinkirta layi ɗaya kaɗan. Wani Bajamushe mai suna Helmut Haas ya yi bincike a kan wannan wajen 1950: idan sauti iri ɗaya ya iso kunne sau biyu, tazararsu ba ta wuce milisakan talatin ko makamancin haka ba (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), ƙwaƙwalwa na ɗaukarsu abu ɗaya, ta kuma jingina shi ga ɓangaren da ya riga isowa. A sifiku biyu abin na da daɗi. Amma da an tara su, sai wasu sassan sautin su riƙa soke juna. Jinkirin milisakan 1 yana haƙa rami a 500 Hz, da 1,500, da 2,500, haka har sama. Na milisakan 10 yana farawa daga 50 Hz, ya riƙa haƙa rami bayan kowane 100 Hz. Wannan jerin ramuka shi ne sautin gwangwanin da mawaƙi ya ji a wayarsa.

Wadda ta fi muni ita ce kifar da layi ɗaya, ta yadda idan na hagu ya tura iska gaba, na dama ya ja ta baya. A hedifon sai ka ji kamar sautin ya fita wajen kanka. A lissafi kuwa, M ya zama sifili, komai ya koma S. Sifika ɗaya ba za ta fitar da ko ƙyas ba.

Na taɓa ganin haka da idona. Wata waƙar biki ce da na haɗa, na faɗaɗa amshin matan da irin waɗannan dabaru saboda a ɗakina ya yi kyau matuƙa. Ranar kamu, mai kiɗan ya jona kayansa ta layi ɗaya, kamar yadda da yawansu ke yi. Muryar mawaƙin ta fito tsaf, ganga ta fito, amma da aka zo wurin da mata za su amsa da sunan amarya, sai wani ɗan raɗa-raɗa da ba a gane shi. Wurin da dangi suka biya kuɗi don su ji ke nan. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma tun ranar ban ƙara miƙa aiki ba tare da na saurare shi a mono ba.

Akwai kuma sautukan da ke zuwa a cikin manhajojin kiɗa da faɗinsu tun daga kamfani. Fiyano da goge da sauran sautukan shimfiɗa sukan zo a lulluɓe da irin wannan ado don su burge mai gwadawa. Mai haɗi bai taɓa maɓallin faɗi ba, amma matsalar ta riga ta shigo.

Me ake nufi da “sauƙaƙa aiki”?

Idan kamfani ya ce ya inganta tafiyar aiki a filogin ɗinsa, yawanci abubuwa ƙanana ne da ba sa canza sauti da kansu, amma suna canza hukuncin da mai haɗi ke yankewa.

Mafi muhimmanci a wurina shi ne daidaita ƙara kafin da bayan gyara. Kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: abin da ya ɗan fi ƙara, shi yake ɗauka ya fi daɗi. Ƙara gefe yana ƙara wa waƙa ƙarfi gaba ɗaya, don haka in ka kashe filogin ka kunna, kullum wanda aka kunna zai yi nasara, ko da ɓarna ya yi. Filogin da ke daidaita ƙarar da kansa ya cire wannan ruɗin. Na biyunsa shi ne maɓallin sauraron gefe shi kaɗai. Danna shi, duk abin da ka ji a wurin shi ne kason sautin da mai sifika ɗaya zai rasa. In ka ji babbar murya ko bas da ƙarfi a can, akwai gyara.

Sai ma'aunin jituwa, wata 'yar allura mai tafiya daga +1 zuwa −1. A +1 hagu da dama abu ɗaya ne. Kusa da sifili ba su da alaƙa sosai, faɗi ya yi yawa. Ƙasa da sifili sun fara soke juna. SPAN na Voxengo yana da wannan ma'aunin, kuma kyauta ne. Utility na Ableton Live yana da maɓallin da ke mayar da bas kaɗai zuwa mono. A miksar FL Studio, kowane layi yana da maɓallin rabuwar sitiriyo, wanda in aka murɗa shi zuwa haɗewa a kan babban layi, an mayar da duk waƙar mono nan take.

Ɗaya ɓangaren shi ne nauyi a kan kwamfuta, wanda ga mai aiki da tsohuwar laftof a kan janareta ba ƙaramar magana ba ce. VST3, wanda ya fito a 2008, ya ba filogin damar daina aiki idan babu sautin da ke shiga cikinsa, da kuma daidaita kansa da layin mono ko na sitiriyo, muddin wanda ya ƙera shi ya yi amfani da damar. Steinberg ya daina ba da sabon lasisin VST2 a 2018. Akwai kuma jinkiri. Kwamfuta takan tara sauti a wata 'yar ma'ajiya kafin ta sarrafa shi, kuma girman ma'ajiyar shi ne yawan jinkirin. Wasu ikwalaizoji da limitoci suna ƙara nasu a kai. Manhaja takan daidaita wannan da kanta, amma idan ka raba sauti gida biyu ka sa filogin mai jinkiri a ɗaya, kuma daidaitawar ta kuskure, ramukan nan na gwangwani za su dawo ko da ba ka nemi faɗi ba. Shi ya sa sarrafa M da S a cikin filogin ɗaya ya fi aminci a kan raba layuka da hannu.

Inda masu sana'ar suka saɓa

Wasu na cewa zamanin damuwa da mono ya wuce. Matasa da iyafis suke sauraro, manyan wayoyi na da sifiku biyu, kuma waƙar da ba ta da faɗi takan zama kamar tsohon aiki idan aka jera ta da na Legas ko na ƙasashen waje. Suna da gaskiya a kan cewa mai hedifon ya cancanci a yi masa aiki mai kyau, kuma tsoron mono ya sa wasu suna fitar da waƙoƙi a cunkushe.

Wasu kuma na cewa a ajiye M da S sai matakin ƙarshe, lokacin da waƙa ta riga ta zama fayil ɗaya mai layi biyu, babu damar komawa ga kowane kayan kiɗa. In kana da layin kalangu a gabanka, ka gyara kalangun, kada ka bi ta bayan gida.

Na fi karkata ga na biyun, saboda na san inda waƙoƙinmu ke ƙarewa. Suna ƙarewa a ƙaramar waya mai sifika ɗaya a aljihun ɗan acaɓa, a 'yar sifikar bulutut a teburin mai shayi, a lasifikar mai tallan magani, a kayan kiɗan gidan biki. Ko wayar da ke da sifiku biyu, tazararsu ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, sautin na cakuɗewa a iska kafin ya kai kunne. Sannan masu tura waƙoƙi a memori sukan matse fayil ya zama ƙaramin MP3, kuma MP3 kansa yana da yanayin da yake juya sauti zuwa tsakiya da gefe don ya yi tsimin wuri. Waƙar da ta tara kayanta a gefe ita ce ta fi wahala a wannan matsin, sai ka ji kuge da ribab suna wani ruwa-ruwa.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da faɗi. Ribab, da ƙyalƙyalin saman fiyano, da 'yan ƙawace-ƙawacen da in sun tafi waƙa ba ta rushe ba, su ne 'yan gidan gefe. Babbar murya, da bas, da babbar ganga, da duk kalmar da ake so a ji, wurinsu tsakiya.

Abin da ya shafi mawaƙi da mai ba da aiki

Mawaƙi, ko furodusan fim, ko malamin da ake ɗaukar karatunsa, ba sai ya san lissafin nan ba kafin ya kare aikinsa. Kafin ka karɓi aiki, ka ce wa mai haɗin: “Malam, don Allah mayar mini da ita mono in ji.” Sakan biyu ne a wurinsa. Ka saurari amshi, ka saurari fiyano, ka ga ko akwai abin da ya nutse. Sannan a tura maka ita a waya, ka fita daga ɗakin da aka lulluɓe da soso, ka tsaya a bakin titi ka kunna.

Ga masu fim abin ya fi tsanani, domin magana ce jarinsu. Makirufo biyu a kan ɗan wasa ɗaya, na jikin riga da na kan sanda, sautin ba ya isa gare su lokaci guda. Sauti na tafiyar mita 343 a sakan, don haka tazarar mita ɗaya ta kai kusan milisakan 3. In mai tacewa ya ajiye ɗaya a hagu ɗaya a dama bai daidaita su ba, a hedifon ɗinsa ba zai ji aibu sosai ba, amma mai kallo a waya zai ji muryar jarumin ta zama siririya kamar ta cikin bututu. Gyaran shi ne a zaɓi makirufo ɗaya, ko a matso da ɗayan har igiyoyin sautin su hau kan juna, sannan a ajiye maganar a tsakiya.